Kumbon da Kaka Ta Ƙi Saukewa

A unguwarmu ta Sabon Gari, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, gidan Mama Chidi kaɗai ke da talabijin. 'Yar ƙabilar Ibo ce mai sayar da atamfa, ta dawo Zariya ita da mijinta bayan ƙura ta lafa. Chidin da ake kiranta da sunansa kuwa ba mu taɓa ganinsa ba. An ce a hanyar gudu suka rabu a wata tasha, shi ke nan.

Kowace Alhamis bayan magariba mukan cika falonta don wani shiri na Turawa. Mutum bakwai ne cikin kumbo, sun ɓata a sararin samaniya, suna bin taurari ɗaya bayan ɗaya suna neman hanyar gida. Ina da shekara tara lokacin, har mafarkinsu nake yi.

Abin mamaki, wadda ta fi kowa kamuwa ita ce Kaka, mahaifiyar innarmu. Daga Samaru take hawo bas duk Alhamis, da ƙullin daddawarta, ta kwana a wurinmu. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Sai ta zauna dab da akwatin, kusa da Mama Chidi, ta raɗa wa kowa suna: Dogo, Mai Gemu, Uwar Ɗaki. Ƙaramin cikinsu ta kira shi Auta, in ya fito sai ta daina tauna goro. Ita ma autanta, Kawu Sale, ya shiga soja ya tafi yaƙin. Ba a kawo gawarsa ba, ba a kawo takarda ba.

Wata Alhamis aka nuna kumbon ya hango wata duniya mai kama da tamu, Auta ya manna fuska a gilashi. Muka yi mako guda muna ɗoki. Da ranar ta zagayo, sai ga wani mutum da kwat yana bayanin takin zamani. Mijin Mama Chidi ya juya eriya, ya bubbuga akwatin. Muka jira mako biyu, uku. Shirin bai ƙara dawowa ba, kuma babu wanda ya ce mana uffan.

Na yi kuka har na shiɗe. Kaka ta ja ni bakin murhu a tsakar gidanmu, inda Inna ke tuƙa tuwo.

"Yi shiru, Talatu. Su Turawan ne suka gaji. Ni na san inda suke."

Kaka ta gyara itace, ta ce, "Ga ta nan, ga ta can sama."

Daga ranar nan, hirar Alhamis ta koma bakin murhu. Duniyar da suka hango, in ji Kaka, ba tamu ba ce. Da suka sauka sun tarar da gari sak Zariya, har da ganuwa da rimaye, tukwane na tafasa a kan wuta, amma babu mutum ko ɗaya. Auta ya shiga gidansu ya kwaɗa sallama, sai muryarsa ta amsa masa daga cikin ɗaki. Suka fita da gudu. Wani makon suka je tauraron da mutanensa ke tuna gobe amma su manta jiya. Tsigar jikinmu na tashi, muna matsowa kusa da ita. Ba a jima ba Mama Chidi ta fara zuwa da 'yar kujerarta, ta bar talabijin ɗin a kashe.

Sai dai Kaka ba ta taɓa cewa ƙurunƙus. Shekara ta zagayo suna sama. Rannan na ƙosa.

"Haba Kaka, ki kawo su gida mana! Ai ke ce mai labarin."

Ta tona garwashi.

"In na sauke su, 'yar nan, dole a tsaya a bakin ƙofa a ƙirga su."

"To, ai su bakwai ne."

"Bakwai suka tafi," in ji ta.

Mama Chidi ta dafa gwiwar Kaka. "Mama, bar su can. Ba su gaji ba."

Inna ta tashi ta shige ɗaki ba ta kwashe tuwon ba.

Da damina ta biyu Kaka ta kwanta ciwo a Samaru, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Ranar sadakar uku Mama Chidi ta zo gaisuwa har Samaru, ta lulluɓe kanta da gyale kamar kowa. Da za ta tafi ta ja ni bayan zaure.

"Talatu, ta gaya miki inda ta bar su?"

Kaka ba ta gaya mini komai ba. Amma na ce, "Ta ce suna hanya, lafiyarsu ƙalau."

Ta gyaɗa kai, ta saki hannuna, ta nufi tasha.

Yau na girme wa Kaka ta wancan lokacin. Na daɗe ina ɗauka rowa ta yi mini, sai da na binne nawa mamatan na gane cewa wanda ya ga kabari an yi masa rahama, don ya san inda zai tsaya ya yi addu'a. Waɗannan mata biyu ba su samu ko wannan ba. Abin da suka samu shi ne maraicen Alhamis, sa'a guda da ɓatacce yake da rai. Ƙaryar da na yi a bayan zauren nan kuwa na sha neman gafarar Allah a kanta, amma har yau ban iya yin nadamarta ba.