Kabejin da Tsutsa Ta Ƙi

Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya. Rabin abin da na sani a bakin murhun Iya na ji shi, kakata ta wajen uba. Lokacin muna Challawa, lambunta na bayan gida, kamfanoni ba su gama cinye gonaki ba. Bayan magariba sai ta ƙara kara a wuta, ta ajiye gwangwanin tsutsar da ta tsince a kabeji, abincin kaji na safe. Da rana ganye-ganye take bi, ta juya bayan kowanne, ta murje ƙwan da yatsa, ta barbaɗa toka. Kullum yatsunta kore ne.

"Matso, maigidan," haka take tsokanata. "Cefane ya gagare ka, sai kunnen jin tatsuniya."

Akwai wadda take yawan maimaitawa. Wai wani mai lambu ne tsutsa ta ishe shi, ya je wajen aljanar rafi ya ce yana son kabejin da tsutsa ba za ta taɓa ba. Aljana ta ba shi ruwa a tulu. Kabeji ya yi kai kamar ƙwarya, ba huda ko ɗaya. Akuyarsa ta shinshina ta juya, bai kula ba. Ya kai gida aka dafa, yara suka ci. A nan Iya take yin shiru.

"Sai me, Iya?"

"Sai me kuwa? Tsutsa ta fi ubansu hankali. Ku tashi ku yi alwala."

Da na girma na kama aiki a kamfanin fata. Da aka sallame mu, na koma noman kabeji a wani ɗan fili kusa da kwatar da ke fitowa daga kamfanoni. Ruwan yau ja, gobe baƙi, ga wari. Da shi nake ban ruwa, don babu wani. Haƙurin Iya kuma ba ni da shi, feshin magani nake yi. Mai shago ya ce murfi biyu, ni huɗu nake zubawa, har ana gobe yanka. 'Yan kasuwa ba sa ɗaukar mai huda, ni kuma ba zan kwana da yunwa don tatsuniya ba.

Amma ban taɓa kai shi gida ba.

Wata Juma'a na dawo na tarar matata ta je ta yanko biyu, ta yi dambu. 'Yata Ummi tana lashe hannu.

"Baban Ummi, naka ya fi na kowa kyau," in ji matata. "Don me za mu dinga saye a waje?"

Na juya wajen Ummi. Sau uku ina tambayar yarinyar ko cikinta na ciwo, har ta fara dariya. 'Ya'yan mutane sun daɗe suna cin sa, ban taɓa tambayar kowa ba. Yanzu na gane abin da ya sa Iya ba ta ƙarasa labarin: wanda ya kai kabejin gida shi zai zauna jiran ƙarshensa.

Washegari na shiga lambu na durƙusa, ina juya ganye ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take yi. Har rana ta take ina neman tsutsa guda mai rai. Ban samu ba.