Igiyoyi Bakwai a Bangon Rumfar Makera

Har yau ban manta da Asabar ɗin da ta jawo aka tuhume ni da ɗaure mutane ba. Tun da kun tambayi dalilin da ya sa nake hana ku rubuta rahoto kafin ku saurari amsa, ga yadda abin ya faru.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da hamsin, lokacin da masaƙa ta fara jawo mutane Kakuri, ni mataimakin jami'in jin daɗin jama'a ne mai daraja ta uku, wato mafi ƙanƙanta cikin masu riƙe alƙalami. An ba ni unguwar Makera da kewayenta. A zagayen gidaje na tarar da mutum bakwai waɗanda aka haifa da raunin fahimta: jiki ya girma, hankali ya tsaya a ƙuruciya. Ba mahaukata ba ne, ba sa cutar kowa. Amma idan uwa za ta fita neman abinci ba ta da mai tsaro, sai ta sa wa ɗanta igiya a ƙafa ta ɗaure a turke, don kada ya bi kukan jirgi ya hau layin dogo.

Na nemi izini a rubuce, aka ba ni wata rumfar kwano kowace Asabar, daga ƙarfe tara zuwa azahar. Mu buga ganga, mu jefa ƙwallon tsumma, mu sha kunu. Iyayen kuwa su tafi kasuwa ko barka, ko su kwanta kawai. Ƙa'idata ɗaya ce: duk wanda aka kawo da igiya, a bakin ƙofa ake kwance ta. Na kafa ƙusa bakwai a bango, kowace da sunan mai ita, na kuma ja layi biyu a rajista: lokacin da aka kwance, da lokacin da aka mayar wa uwa.

Makaɗinmu shi ne Tanimu, ɗaya daga cikin bakwai ɗin, mai shekara ashirin da 'yan kai, ɗan Goggo Ladi mai waina wadda mijinta ya rasu. Ba ya yarda kowa ya rataye masa igiyarsa. Da kansa yake rataye ta, ya nuna ta da yatsa ya ce, "Zauna nan."

Ranar da nake ba ku labari, Sufeto ya zo daga babban ofishinmu na ƙetaren kogi. Bai shiga ba. A ƙofa ya tsaya, ya nuna bango.

"Malam Isiyaku, waɗannan fa?"

"Ranka ya daɗe, igiyoyinsu ne. Bari in nuna maka rajista."

"Ba sai ka nuna ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Ya rubuta layi biyu a littafinsa ya shiga mota. Ran Talata takardu biyu suka iso: ɗaya ta rufe rumfa, ɗaya ta tuhuma. Ga wanda bai sani ba, takardar tuhuma ana ba ma'aikaci ne ya kare kansa cikin kwana uku, amsar ta bi ta hannun shugabansa, sannan ta jira layi. Na amsa a ranar, na haɗa da kwafin rajista shafi-shafi. Asabar biyar suka wuce babu wanda ya buɗe fayil ɗin.

Tanimu bai san fayil ba, amma ya san Asabar. Duk ranar da ta zo sai ya yi ta fizgar igiya yana neman tafiya rumfa, har ta yanke masa idon sawu. A mako na biyar Goggo Ladi ta tare ni a hanya.

"Malam, wa ya rufe mana wuri?"

"Ofis ne, Goggo."

"Ofis yana da hannu ne? Wane mutum?"

Ran Litinin ta riƙo hannun ɗanta, yana ɗingishi, suka haye gada a ƙafa. Na bi su, ko da yake ƙa'ida ta hana ƙaramin ma'aikaci shiga wurin Sufeto ba a kira shi ba. Ta wuce masinja kamar ba ta gan shi ba, ta aza igiyar Tanimu a kan fayilolin tebur.

"Ranka ya daɗe, an ce ka ga igiya ka yi fushi. Ga ta, kalle ta da kyau. Ni na tufka ta, ni nake ɗaure shi, ni da na haife shi. Kwana shida tana ƙafarsa, rana ɗaya tana hutawa a ƙusa. Kai kuma ka zo ka cika mata bakwai."

"Iya, doka ta hana ɗaure ɗan'adam."

"Madalla da doka! To, ta zo gobe da sassafe ta zauna da shi, ni in je in soya wainata."

Tanimu kuwa ya hangi ƙusar da aka rataye hular Sufeton a bango. Ya ɗauki igiyar, ya rataye ta a kan hular, ya nuna ta da yatsa ya ce, "Zauna nan."

A makon aka buɗe rumfa. Amma ku ji sharaɗin da aka rubuta, har yau ina da kwafinsa: a riƙa sa igiyoyi cikin akwati mai murfi, kada baƙi su gani. Ba a tambayi yadda za a yi da sauran kwana shidan ba. Ba a duba ƙafar Tanimu ba. Takardar tuhumata ma ba a cire ta daga fayil ɗina ba, kuma wannan shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da ya ɓata mini rai.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu babu mai haɗari kamar jami'in da abin da ya gani ya dame shi fiye da abin da mutane ke sha. Irinsa yana fara rubutu kafin ka rufe baki, maganinsa kuma kullum murfi ne. Na bi umarni, na kawo akwati. Igiya shida suka shiga. Ta Tanimu kuwa, har na bar Makera, a ƙusa take zama, inda kowa zai gani.