Hayaƙin Gidan Inna

Har yau in na ga allura mai jan kai a hannun tela sai gabana ya faɗi. Irinta Kawu ke cakawa a bango.

Kawu ma'aikacin ɗakin oba-oba ne a Gusau, inda ake karɓar rahoton gaggawa ta rediyo. A gidansa na yi firamare, in an tashi nakan bi shi wurin aiki, Inna kuwa tana ƙauyenmu can bayan Tsafe. Ba komai a ɗakin nan sai rediyo mai kakari da wata ƙatuwar taswira da tsufa ya mayar ruwan ƙasa. In rahoto ya shigo, gobara a Bungudu ko ruwa ya cinye gada wajen Kwatarkwashi, sai ya zaro allura daga gwangwanin madara ya cake wurin a jikin taswirar. Ni dai na san duk inda jan nan ya sauka akwai masu kuka.

Na taɓa neman ƙauyenmu a taswirar har idona ya yi ruwa, babu shi. Haushi ya kama ni. Da hutu na kai wa Inna ƙara, ta ce, "Yo ba gara ba? In ba su gan mu ba, ina za su caka muna?"

Daga baya aka jera ƙananan talabijin a ɗakin, hoto na rawa. Kawu bai taɓa yarda da su ba, ya yi ritaya ya tafi da gwangwaninsa.

Yanzu ni ke zaune a irin ɗakin. Bango guda allon gilashi ne, jirgi maras matuƙi na aiko mana hoto. Komai ana gani, har rumbun Inna. Maƙwabtanta da yawa sun gudo saboda 'yan bindiga, ita ta ƙi, waya kuma ba ta shiga can. Duk safiyar da jirgin ya bi ta wajen, siririn hayaƙin kokonta nake nema. Sai na gan shi abinci ke wuce min.

Yau da hantsi ya bi. Na ga hayaƙi, amma baƙi ne, mai kauri, kuma ba daga murhu yake tashi ba. Abokin aikina ya taɓa allon, jan ɗigo ya fito.

"Oga, mi as sunan garin ga?"

Na faɗa masa, ya rubuta. Ƙauyenmu ya shiga taswira.