Sharar da Ta Kori Wanne

Ke, kin taɓa aiken yaro ki ce masa ɗauko min kwano, ya tsaya yana kallonki ya ce wanne? To haka jikata take tun tana ƙarama, 'yar babban ɗana, a ɗakin nan na yaye ta. Ki ce kawo wuƙa, ta ce ta albasa ko ta nama? Ki ce rufe ƙofa, ta ce da sakata ko in tura kawai? Har sunan ya bi ta, kowa Wanne yake ce mata. Ta sha jifa da takalmina. Amma ba ta taɓa dawo min da abin da ban aike ta ba.

Da ta gama karatu sai ta samu aiki a wani bene, wurin masu haɗa injin nan da ake yi wa magana ya yi aiki. Na ce ke kuma me kike tsinana musu? Ta ce, "Kaka, injin nan ɗan aike ne, sai dai ba irina ba, bai cika cewa wanne ba. An jera masa kayan aiki, kowanne da ɗan bayani a jikinsa, abin da ya karanta shi yake bi. Ni nake duba bayanin, in aike shi, in ga ko ya ɗauko daidai ko ya ɗauko shirme." Na ce oho, ashe fitinarki ce ta zama sana'a.

To, wani mai ɗaukar hoto ya ce su haɗa masa injin da zai kula masa da hotunan mutane. A cikin kayan aikin akwai guda biyu, duka an rubuta musu "share". Ɗaya shara ce irin ta tsintsiya, ya tattara hotunan da suka lalace ya ajiye gefe. Ɗayan kuwa sharewa ce ta har abada, abin da ya taɓa ya tafi kenan. Wanne ta gwada, ta ga injin wani lokaci ya ɗauki wannan, wani lokaci wancan, kamar makaho a ɗakin da ba nasa ba. Ta tare shugabansu a bakin ƙofa, wani mai tumbi da ba ya iya tsayawa ya saurari mutum. Ta ce a canza wa ɗaya suna, a faɗa wa injin ƙarara cewa wannan ba ya dawowa. Ya ce, "Ke kin cika ƙaƙale. Ko yaron goye ya san share. Mai hoto na jira, a ba shi injin haka nan." Ranar ta dawo ko abinci ba ta taɓa ba.

Me kike tsammani? Mai hoto ya ce wa injin share min wurin nan, ya cika da tarkace. Inji ya share. Hotunan biki, na suna, har na tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya, duk suka tafi. Mutane suka cika masa shago da zagi, shi kuma ya kwaso zagin ya kai bene.

Sai mai tumbi ya ce wai wa ke duba bayani? Wanne. To ita ce ba ta duba ba. Ta ce ai na faɗa maka a bakin ƙofa. Ya ce shi bai tuna ba. Bai tuna ba! Abokan aikinta da suka ji da kunnensu duk suka sunkuyar da kai, kowa na tsoron kujerarsa. Aka sallame ta, aka kuma ɓata mata suna wurin masu irin aikin, ko'ina ta je a garin nan sai a ce ai ke ce mai hotuna.

Ni na je, wallahi na je, da sandata na hau benen nan ina haki. Ɗaki sanyi kamar cikin randa, kujeru masu taya, kowa ya manna ido a gilashi. Na ce ina mai tumbin? Ya fito yana "Kaka ki yi haƙuri". Na ce ban haifi uwarka ba balle in zama kakarka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na baiwar Allah. Yarinyar da ko gishiri aka aike ta sai ta tambaya, ita ce za ta ƙi dubawa? Ya kira mai gadi ya raka ni ƙasa. Ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba.

Dole ta nemi aiki a wani gari mai nisa. Ga katifarta can a naɗe, yanzu in na ce a miƙo min kwano, wanda aka ga dama ake miƙo min.

Ranar tafiyarta na raka ta bakin titi. Ta sa jaka a mota, na ga idonta ya ciko. Na ce, ke, share su kawai, Allah na nan. Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta leƙo ta taga ta ce, "Wace sharar, Kaka? Ta tsintsiya ko wadda ba ta dawowa?"