Rabin Kitso a Abbare

A shekarun da Jalingo ta zama sabuwar hedikwatar jiha, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya. Duk bayan mako biyu, ranar Asabar, nakan je Abbare wajen mai kitsona. 'Yar Mumuye ce, mijinta ya rasu shekara biyar, muna ce mata Mama duk da ba ta kai arba'in ba. Ba ta iya karatu ba. Ranar da na fara zuwa da littafi ta ce in ɗaga murya, kan da ke hannunta ba zai yi dariya shi kaɗai ba.

A gindin mangwaro muke zama, ita a kan kujera 'yar tsugunno, ni a tabarma tsakanin ƙafafunta. Ƙamshin man shanu, inuwa na yawo a kan shafi, daga can cocinsu muryoyin matan zumunta suna koyon waƙa. Wani lokaci nakan ji muryata tana karatu kamar daga wani gida take fitowa.

Littafin da muka fi daɗewa a kansa labarin wani malamin makaranta ne mai tsohuwar Basfa, wadda ba ta mutuwa sai a ƙofar gidan wata budurwa. Kullum ya durƙusa yana kwance fulogi yana zuba mata kalamai, ita kuma tana leƙe ta katanga tana ce masa ya sayi jaki. Ni dai malamin nan ya tafi da hankalina. Na so a ce a ƙofar gidanmu babur ɗin yake mutuwa.

Ra'ayin Mama kuwa a fatar kaina nake jin sa. In malam ya fara dogon zance, sai ta ja gashi har idona ya kawo ruwa. In budurwar ta yi masa tsiya, sai hannun ya yi laushi, gwiwarta na rawa don dariya.

"Wannan malam, baki ne kawai yana da shi," in ji ta. "Namijin gaskiya ba ya surutu haka."

"Mama, ai so ke nan. In ba a faɗa ba, ta ina za a sani?"

"Juya kai."

Haushi ya kama ni, don na san inda ta samo ma'auninta. Akwai wani mai kifi daga Lau, shi ma matarsa ta rasu, da ke biyowa duk Asabar in ya tashi kasuwa. Ya ce sannu da aiki, ta ce sannu da hanya. Ya ajiye bandar kifi biyu a kan murfin randa, ya sha ruwa, ya zauna a kan dutse yana kallon tsauni, ya tafi. Shekara biyu ke nan. Unguwa duk ta san abin da ke kawo shi, ita ma ta sani. A makon da ya wuce kuwa ya riga ya faɗa mata ɗan'uwansa ya kira shi su koma kamun kifi can wajen Ibi. Asabar ɗin nan ce zuwansa na ƙarshe, sai fa in an ce masa ya tsaya.

Ranar muka kai babin ƙarshe. An yi wa malam canjin wurin aiki, ya zo sallama, karo na farko bakinsa ya mutu, babur kuma ya tashi bugu ɗaya. Budurwar tana cikin haɗa miya ta ji ƙarar tana nisa, ta fito a guje, takalmi ƙafa ɗaya, ludayi a hannu, miyar kuka na ɗiga, tana ihu wai ya dawo ya manta fulogi. Na yi dariya har littafin ya faɗi. Mama ba ta yi ba.

"Da ludayi? A gaban mutane? Yarinyan nan bai da kunya."

Ta ja min gashi da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba.

Muna haka mai kifi ya yi sallama. Ya ajiye kifinsa, ya sha ruwa, ya kalli tsauni. Da ya miƙe sai ya ce, "To, Allah ya sada mu." Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji na tsani su biyun.

Ta tsaga layi, ta fara kitsawa. Hannun ya yi sanyi, gashi yana zamewa. Ta kwance ta sake. Can na ji kaina ya yi sakayau, na ɗago, sai bayan zanenta na gani a bakin ƙofa, mataji a hannu.

Na zauna da rabin kai a kitse, rabi a tsefe kamar sheƙar tsuntsu. Ban karanta komai ba. Na jingina da kujerarta ina kallon ganye, matan zumunta suna maimaita baiti ɗaya, har barci ya fara ɗibata. Sai wajen la'asar ta dawo, ta zauna, ta kama kaina ta ci gaba da kitso. Ɓangaren da ta ƙarasa ranar kwana uku ya yi ya warware, wanda ta yi da farko kuwa ko gezau bai yi ba har mako biyun suka cika.

Tana cikin ƙarasa kitson na kasa haƙuri. "Mama, to ya kika ga littafin?"

Ta daɗe tana shafa mai a tsaga.

"Ƙarya ya yi yawa a ciki. Mai rubutun nan bai san komai ba. Ba sai an yi gudu ba."

"Kin sami mai kifin a tasha?"

"Wane tasha? Yana nan bayan katanga a tsaye, bai je ko'ina ba."