Agogon Marigayi a Jibiya

Katsina

Ana sallame asuba na nufi tasha, da ɗan batir kamar kwabo a aljihuna. Yayata ce ta kira ni daga Jibiya: samarin unguwarmu sun dage sai an cire Baba Ladan daga ladanci, wai kullum kiransa yana makara bisa agogon wayoyinsu. Ga azumi ya ƙarato. Mutumin nan aminin marigayi mahaifinmu ne, muryarsa ce ta tashe ni duk yarintata.

Motar Golf ce, an cusa mu kamar buhunan gero. Shinge kuwa, na gaji da ƙirga. A wani shingen, jami'i ya buɗe jakata.

"Mai gyaran kwamfuta ne," in ji direba. "Ƙyale shi, ko ta abinci bai samu ba."

Ban musa ba.

Jibiya

Da hantsi muka isa, na hau babur zuwa hanyar iyaka. Manyan motocin Maraɗi na nan jere kamar da, ga ƙamshin tsire da fetur. Da na hango shagon marigayi, inda yake buga wa direbobi takardu, sai da ƙwalla ta zo mini.

Baba Ladan na zaune a shagon, gaban tsohuwar kwamfutar marigayi.

"Ɗan Malam, kai ma cewa za ka yi na makara? Wanga agogo ubanka ya saita shi. Waya mi ta sani?"

Na duba lokacin da kwamfutar ke nunawa. Kusan kwata take baya! Na ce, "Baba, da me kake gyara ta?"

"Da safe in na kunna, in daidaita ta da agogon hannuna."

"Shi na hannun fa?"

"Da marece in duba shi da ita."

Kai! Makaho na jan makaho. Batirin cikinta ya mutu tuni, na hannun yana ja da baya kaɗan-kaɗan, kowanne na shaidar ɗan'uwansa. Sai na tuna marigayi, kullum da safe kunnensa a rediyo, yatsa a kan maɓalli, yana jiran a faɗi lokaci. Na gaya wa Baba haka.

"Ni ina zaton labarai yake saurare," ya ce.

Na sauya batir, na haɗa ta da intanet ɗin wayar yayata, na sa ta riƙa karɓo lokaci da kanta. Agogo ya yi tsalle gaba. Baba ya cire na hannunsa ya miƙo mini in saita shi.

Da magariba samarin suka jeru ƙofar masallaci, kowa da waya a hannu. Wayoyin na soma ƙarar shigar lokaci, muryar Baba ta rufe su. Sai kowa ya kama alwala.

Komawa

Washegari ya rako ni tasha da ƙullin ƙuli-ƙuli. Na iso gida lafiya kafin azahar, alhamdulillahi. Na gode wa yayata da ta kira ni. Rediyon marigayi kuwa, Baba ya roƙa, na bar masa.