Ranar da Na Goya Baba Zuwa Zoza

Shekarar da idon Baba ya soma dushewa, na zo gida Kurugu daga Kano, inda nake ɗinki a wani shago, da niyyar yin kwana huɗu. Damina ta ja baya, ana cirar gyaɗa, dawa ta yi nauyi a gonaki. A kwana na biyu, muna zaune a zaure bayan sallar asuba, ya ce mini yana so in kai shi wajen wani abokinsa a wata ruga da ke gefen Zoza, a ƙasar Rogo. An gaya masa mutumin ba ya jin daɗi.

Na san labarin wannan aboki tun ina ƙarami, ko da yake ban taɓa ganinsa ba. A ƙuruciyarsu sun yi lebura tare a ramukan da ake haƙar marmara, jar tsakuwar nan da aka shimfiɗa hanyoyin burjin yankinmu da ita. Wata rana gefen rami ya rufto wa Baba, shi kuwa wannan Bafulatani ya tono shi da hannunsa. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Na ce bari in aro babur wajen maƙwabcinmu.

“Ba na hawa babur,” in ji shi. “Kafin in gane inda nake an wuce. Ga kekena can a ɗakin hatsi.”

“Baba, rabona da keke na fi shekara goma.”

“Ba kullum kake taka keken ɗinki ba? Ai ƙafar ce dai.”

Baƙin keke ne mai nauyi, irin na da, fentinsa duk ya koɗe. Na ba tayoyin iska, na ɗiga wa sarƙar mai, Inna ta naɗe tsohon bargo ta ɗaure a kan kariya, mazaunin baya. Ta ba mu ƙullin goro da soyayyar gyaɗa a leda, ta ce mini a hankali, yadda ba zai ji ba, in riƙa tsayawa ko bai ce ya gaji ba.

Muka fita da hantsi. Farkon tafiyar sai da na yi ta tangaɗi, Baba yana riƙe da rigata ta baya. Da muka bar gari muka hau burji, tsakuwa ta soma ƙara a ƙarƙashin taya, sai na ji ya gyara zama ya saki rigar.

“Nan gaba kaɗan akwai gangara,” ya ce. “Kada ka kama birkin gaba.”

Gangarar kuwa tana nan. Haka ya yi ta yi mini duk tsawon hanya. Idonsa ba ya raba mutum da kututture in an yi nisan taku ashirin, amma ya san inda yashi yake cin taya, ya san inda ruwa ke yanke hanya kowace damina, ya san tsamiyar da ake shan kwana a gindinta a karkata hagu. Wani wuri ya ce nan su suka zuba tsakuwar, wani wuri ya ce wannan aikin wasu ne, shi ya sa ya zaizaye. Babura suna wuce mu da buhunan masara, wasu su rage gudu su gaishe shi, wasu su dube ni su yi murmushi. Gumi ya jiƙa ni sharkaf.

Wajen rana tsaka tayar baya ta sace. Na sauke shi a inuwar wata ɗorawa, na juya keken na tsaya ina kallonsa, don ban san ta inda zan fara ba. Baba ya miƙo hannu.

“Ciro mini tiyub ɗin kawai.”

Ya ba shi iska kaɗan, ya riƙa juya shi kusa da kuncinsa har ya ji inda iskar ke fita. Ya laluba aljihu ya fito da gwangwanin faci da bai taɓa rabuwa da shi ba. Yatsunsa sun yi kauri, faratan duk sun tsage, amma ko sau ɗaya bai kuskure wurin ba. Muka ci gyaɗa muna jiran facin ya kama. Wasu mata Fulani suka zo wucewa da ƙoren nono, ya gaishe su da Fulatanci, suka tsaya suna dariya suna amsawa. Ni ban taɓa sanin yana ji har haka ba.

Bayan mun shiga ƙasar Rogo ya ce in saki babbar hanya in bi wata ’yar siririya ta dama. Ba mu yi nisa ba muka fito bakin ramukan. Na zaci zan ga wani abu mai ban tsoro. Sai na ga manyan kududdufai uku cike da ruwa, gefensu ja wur, ciyawa ta rufe rabi, shanu suna sha, balbelu suna bin su. A can ƙarshe wani ya yi lambun tumatir da ruwan.

Baba ya sauka, na riƙe masa hannu muka gangara har bakin ruwa. Ya tsuguna ya ɗebi tsakuwar ya murza.

“Nan tifa take tsayawa,” ya ce, yana nuna inda shanu suke. “Mu talatin da wani abu. Diga da shebur da kwanon sarki, babu inji ko ɗaya. In ka ji yadda ake waƙa a nan da safe, sai ka ce biki ake.”

Ya yi alwala da ruwan, muka yi azahar a kan ciyawa.

Rugar ba ta da nisa daga nan. Muka yi sallama, wata dattijuwa ta fito ta yi mana maraba, ta kai mu bayan gida inda mijinta yake kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Dogo ne, ya rame ƙwarai. Ta ce sai mun ɗaga murya, kunnen ya tafi. Baba ya yi sallama sau biyu, tsohon yana kallonsa kawai. Shi Baba ba ya ganin fuskarsa sosai, shi kuma ba ya jin muryar Baba. Na tsaya a tsakiyarsu ban san abin yi ba.

Sai Baba ya durƙusa ya laluba ya kamo hannunsa na dama. Yatsu biyu na hannun a lanƙwashe suke, ba sa miƙewa. Baba ya riƙe su. Tsohon ya ɗago ya matso da fuskarsa dab da ta Baba, ya daɗe yana dubawa.

“Kai ne?” ya ce. “Ashe kana nan.”

“Ina nan.”

Aka kawo fura da nono mai sanyi a ƙwarya. Ni na zama mai isar da magana: Baba ya faɗa, in sunkuya in maimaita da ƙarfi a kunnen tsohon, wanda na ji bakina yana kiransa Baffa. Suka tambayi juna iyali da gona da shanu. Suka bi sunayen abokan aikinsu ɗaya bayan ɗaya, kusan kowanne amsar ita ce Allah ya jiƙansa.

Can Baffa ya juyo gare ni.

“Ɗana, ya gaya maka ni na tono shi, ko?”

“Haka yake faɗa kullum, Baffa.”

“Bai gaya maka su biyu ƙasar ta rufe ba.”

Na dubi Baba. Kansa yana ƙasa.

Baffa ya ce ɗayan wani saurayi ne daga Falgore, sabon aure, su uku suke cin abinci a kwano ɗaya. Da ƙasar ta rufto, ƙafafun mutum biyu ya gani a waje, bai san wanne ne na wa ba, ya kama tonon wanda ya fi kusa. Da Baba ya fito, jini yana zuba a kansa, bai ko zauna ba, suka koma tare suna tonon na biyun. A nan dutse ya karya wa Baffa yatsu. Kafin su kai gare shi ya riga ya cika.

“Mu biyu muka kai wa mahaifiyarsa labari,” in ji Baffa. “Daga nan na bar aikin na koma wa shanu. In na ga babanka sai in tuna, shi ma in ya gan ni haka. Sai muka riƙa aika wa juna gaisuwa kawai.”

Baba ya ce in gaya masa ba laifin kowa ba ne, kwana ne ya ƙare. Na sunkuya na faɗa. Baffa ya gyaɗa kai ya ce ya sani, ya daɗe da sani, amma yana so ya ji daga bakinsa. Suka ɗaga hannu suka yi wa mamacin addu’a, ni ma na shafa.

Bayan la’asar muka yi sallama. Baffa ya matsa sai ya raka mu, matarsa ta riƙe shi har bakin shinge. Ya ce wa Baba ya dawo in an gama girbi. Baba ya ce in Allah ya yarda, tunda yanzu ya sami direba.

A hanyar dawowa bai yi mini jagora ba. Rana ta yi sanyi, ana ta kora shanu gida, hayaƙin girki yana tashi daga ƙauyuka. Can na ji goshinsa ya jingina da bayana, numfashinsa ya daidaita. Na rage gudu, na riƙa kauce wa ramuka. A lokacin na lura da rashin nauyinsa, mutumin da a da yake ɗaukar buhun dawa shi kaɗai ya ɗora a kan jaki. Na so a ce hanyar ta fi haka tsawo. Muka shiga gari ana kiran magariba.

Washegari ya ce in ƙara kwanaki, akwai wasu mutum biyu a wajen Karaye da yake so ya gaisar. Na ce masa lokacin bukukuwa ya matso, ɗinkin mutane yana jira na a shago, amma zan dawo da wuri. Ya ce to, Allah ya yi albarka. Da na dawo bayan wata huɗu ya riga ya kwanta, ba ya iya zama a tabarma sai an tallafe shi. Baffa ya rasu da bazara, Baba ya bi shi kafin a yi shuka. Mutum biyun nan na wajen Karaye har yau ban san su wane ne ba. Na tambayi Inna, ta ce bai taɓa faɗa mata ba.